Abin da Tsohuwar Land Rover ta Koya Mini

A hutun watan Disamba da ya wuce na koma gida Damari, a ƙasar Birnin Gwari, na taya kawuna gyaran tsohuwar motarsa Land Rover. Ina so in ɗan bayyana muku abin da na koya, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai yi mamakin yadda muke wahala da motar da ta girmi mahaifiyata. Dalili kuwa shi ne hanya. Gonakinmu suna cikin daji, da damina taɓo, da rani rairayin rafuka. A wurinmu wannan mota ita ce jakin kai masara kasuwa, ita ce mai kai mara lafiya asibiti da tsakar dare. A 2022, lokacin da 'yan bindiga suka matsa wa Damari har mutane da yawa suka bar garin, ita ta kwashe mu da 'yan komatsanmu.

An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948. A lokacin ƙarfe ya yi wuya saboda Yaƙin Duniya na Biyu, don haka aka yi bodinta da alminiyon. Ta kawu irin wadda ake kira Series III ce, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985. Injinta na fetur ne mai fistin 4. Ban da sandar giya da kowa ya sani, tana da wasu ƙananan sanduna biyu. In an danna mai rawayan kai, sai tayoyin gaba su soma ja tare da na baya. In an jawo mai jan kai baya, sai gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru, ta hau tudu kamar tururuwa.

To, ga yadda gyaran ya samo asali. Da kaka ta yi, kawu ya sa aka ƙara wa sifirin ɗin baya ganye, don motar ta daina durƙusawa in an loda mata buhuna. Da ya ga ta miƙe tsaye, sai ya ƙara kaya. Ran nan muna ƙetare wani rafi da ya ƙafe, tayoyi suka nutse cikin rairayi. Kawu ya taka mai da ƙarfi, sai muka ji ƙas daga baya. Inji yana kuka, mota ba ta motsi, ga magariba ta gabato, ga mu cikin daji inda ba wanda ke son dare ya riske shi. Ashe ɗaya daga cikin sandunan da ke juya tayoyin baya ce ta karye. Muka sauke rabin buhunan, muka tone rairayi, muka shimfiɗa rassa, kawu ya danna sanda mai rawayan kai, tayoyin gaba suka jawo mu a hankali har gida.

Wannan shi ne darasi na farko. Ƙara sifirin yana hana mota durƙusawa, amma ba ya ƙara wa sandunan taya ko birki ƙarfi. Duk wanda zai sauya wani abu a mota, sai ya tambayi kansa wane ɓangare ne zai ɗauki wahalar da ya ƙara.

Darasi na biyu ya zo ne ranar da muka ɗaga motar don sa sabuwar sanda. Ni da na ga fenti ya koɗe, sai na ce, "Kawu, ai da mun fara da fenti." Ya yi dariya, ya miƙo mini guduma, ya ce, "Shiga ƙarƙashi, yaro, ka ƙwanƙwasa shasi ka ji." Na bi ina bugawa. Wani wuri ya yi ƙara kamar ƙararrawa, amma da na isa baya sai guduma ta burma, busasshiyar laka da tsatsa suka zubo mini a fuska. Alminiyon ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, shi ya sa bodi yake ruɗin mutum. Shasi kuwa ƙarfe ne, kuma cikinsa rami ne kamar akwati. Laka tana shiga ta zauna, ta riƙe danshi, tsatsa ta ci daga ciki. Kwana 3 mai walda ya yi yana yanke ruɓaɓɓen wuri yana sa sabon ƙarfe, sannan muka shafe shi da baƙin mai.

Ga sauran abubuwan da na rubuta a littafina. Na ɗaya, kada a bar tayoyi huɗu suna ja a kan kwalta, domin a wannan iri na gaba da na baya a ɗaure suke, in an sha kwana sai giya ta wahala. Na biyu, in an ƙetare ruwa a duba man giya, in ya yi fari kamar madara to ruwa ya shiga, sai a juye. Na uku, bayan ruwa a riƙa ɗan taka birki a hankali har ya bushe. Na huɗu, bayan damina a wanke ƙarƙashin mota sosai.

Kawu ya cire ganyen da ya ƙara. Yanzu sawu biyu yake yi inda da yake yin ɗaya, yana cewa sannu ba ta hana zuwa. Fenti kuwa har yau ba a yi ba.

A ƙarshe ina roƙon iyayenmu su bar mu mu riƙa zuwa wurin makanikai lokacin hutu. Ku kuma 'yan'uwana, kada mu ji kunyar baƙin mai a hannu. Abin da malamin kimiyya ya koya mana, cewa ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa, ban gane shi sosai ba sai ranar da na kwanta ƙarƙashin motar kawu.