Kana Son Shiga Harkar Fim Ko Rediyo? Fara Koyon Aikin Bayan Fage

Yawancin samari da 'yan matan da ke cewa suna son shiga harkar fim ko aikin jarida abu ɗaya suke nufi: a ga fuskarsu a talabijin, ko a ji muryarsu a rediyo. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai ita ce ƙofar da ta fi ƙunci, kuma a bakinta kowa ya yi cincirindo.

Ƙanena, in ka samu dama ka je lokeshan ka ƙirga mutane. Jarumai biyu ko uku za ka gani a gaban kyamara. A bayanta kuwa ga darakta, ga mai ɗaukar hoto, ga mai riƙe sandar sauti, ga mai haske, ga mai kwalliya, ga mai sutura, ga ɗan kwantiniti da ke lura kada hular da jarumi ya shiga ɗaki da ita ta sauya kafin ya fito. In an tashi, edita ne zai kwana yana haɗa aikin. Sabbin fuskoki kullum suna zuwa neman a saka su, amma editan da ya iya, kuma yake cika alkawarin rana, furodusoshi ne ke bin sa. Don haka zaɓi aiki ɗaya ka iya shi sosai kafin ka waiga wani.

In da za ka bi ta tawa, sauti ko rubutun labari za ka kama. A nan finafinanmu suka fi rauni. Kyamarori sun yi kyau, hoto ya fito tas, amma sau nawa kake kallo ka ji ƙarar janareta ta danne maganar jarumi, ko murya ta yi sama a wannan fitowa ta yi ƙasa a ta gaba? Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ya kasa jin magana zai canza tasha. Rubutu kuwa buƙatarsa ta ninka tun da aka koma fim mai dogon zango. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta saba wa mutane da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sannan Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka nuna cewa jama'a za su jira kashi na gaba kowane mako. Shirin da zai yi shekaru yana gudana yana buƙatar marubucin da zai riƙe zaren labari, ya san yadda tsohuwa ke magana da jikanta da yadda ɗan kasuwar Kwari ke ciniki. Irin waɗannan marubuta ba su da yawa.

Makaranta fa? In da hali, yi. Akwai tsangayar koyon aikin jarida a Jami'ar Bayero, akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a Jos kuma akwai makarantar koyon fim ta ƙasa da kwalejin talabijin ta NTA. Ɗan'uwa na Nijar yana da makarantar koyon aikin jarida a Yamai. Amma kada rashin gurbi ya tsayar da kai, kada kuma kwali ya ruɗe ka. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban hukumar finafinai ta Najeriya a 2024, ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos. Masana'antar kanta ba daga aji ta fito ba: ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990. Har yau yawancin masu aiki a hannun ubangida suka koya. Nemi wanda aikinsa ya burge ka kuma aka shaide shi da mutunci, ka je ka gaishe shi, ka roƙi ya bar ka ka riƙa ɗaukar kaya. Ka riga kowa zuwa, ka lura, ka adana tambayarka sai an tashi daga aiki.

Kada ka je hannu biyu. Wayar da ke aljihunka ta isa ka haɗa rahoton minti uku kan mai gyaran Keke Napep na unguwarku, ko matsalar ruwa a layinku. Yi, ka duba, ka sake. Shugaban sashe a gidan rediyo ba shi da lokacin sauraron burinka, amma zai iya ba ka minti uku ya ji abin da ka haɗa. Tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, tashoshi masu zaman kansu suka yawaita a Arewa, kuma da yawansu suna karɓar masu neman sanin makamar aiki.

Ga wani abu da nake so ka ɗauka da muhimmanci: jin Hausa daban, iya aiki da ita daban. Koyi ƙa'idojin rubutu, inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, da haruffa masu lanƙwasa. Koyi fassara, domin yawancin labaran da ke shigowa ɗakin labarai da Turanci ko Faransanci suke zuwa, kuma mai fassara kalma da kalma yana wahalar da mai sauraro. Aikin jarida da Hausa tsoho ne mai daraja, tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da Abubakar Imam ya yi wa edita daga 1939, zuwa sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957. Saurari tsofaffin ma'aikata ka ji yadda suke gina jimla. 'Yar'uwa mai rubutu kuma ta gwada gasar Hikayata da BBC ta fara a 2016. Ko ba a yi nasara ba, an koyi kammala labari a kan lokaci.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. Kasuwar faifai da ta riƙe masana'antar a Ƙofar Wambai ta mutu. Yanzu kuɗi daga YouTube yake zuwa, da tallace-tallace, da sayar wa tashoshi shiri. YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da mai dogon bidiyo sai tasharsa ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma tallan da ake nuna wa masu kallo a ƙasashenmu ba ya kawo da yawa. A farkon shiga, sau da yawa kuɗin mota kawai za a miƙo maka. Saboda haka kada ka saki sana'ar da ke ciyar da kai. Ɗaukar bidiyon biki, haɗa tallan shaguna, ɗora murya a sanarwa, duk aiki ne, kuma a nan hannu ke faɗawa.

Ranar da aka fara biyanka, a rubuta. Ko da wanda ya ba ka aikin yayanka ne, a sa a takarda ko a saƙon waya: nawa ne, yaushe za a biya, wa ya mallaki labarin ko waƙar, kuma da wane suna za a rubuta ka a jerin ma'aikata. Kunyar tambaya ta sa marubuta da mawaƙa da yawa sun ga aikinsu yana kawo wa wani kuɗi shekara da shekaru.

Yi rajista da ƙungiyar masu sana'arka. In a Kano kake, Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a 2001 tana da dokokinta, ka san su tun kafin ka kunna kyamara. Duk wanda ya ce ka biya shi ya saka ka a fim, rabu da shi. Ke kuma ƙanwata, ki shigo da sanin iyayenki, ki je ganawa a ofis da rana tare da wani naki, kuma duk wanda ya ce sai a ɗakin otal za a gwada ki, ba aiki yake nufi ba. In jarida ka zaɓa, kada ka yaɗa abin da ba ka tabbatar ba, kuma ka ji ta bakin wanda ake zargi; ɓata suna laifi ne da ke kai mutum kotu, ko da a Facebook aka yi shi.

A wannan makon, zaɓi aikin da za ka koya, ka rubuta sunayen mutum uku da suka iya shi a garinku, ka haɗa ɗan abin da za ka nuna, sannan ka je ka gaishe da na farko. Allah Ya ba da sa'a.