Maigidana Ba Ya Iya Miƙe Hanya

Gwaggo, shekararmu tara da aure, 'ya'yanmu biyu, muna zaune a Kubwa. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, ba ya rage mu da komai daidai ƙarfinsa. Damuwata da shi guda ce: in mun kama hanya, ba ya iya miƙewa sai ya ratse. Bayan ƙaramar salla muka bar yara wurin ƙanwata, za mu Kaduna gaida Hajiyarsa. Muna wuce Dutsen Zuma ya ce wai ban taɓa ganin magangarar ruwan Gurara ba, ya karya kan mota a mahaɗar Dikko ya hau hanyar Minna. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Mun tsoma ƙafa a ruwa, mun yi dariyar da muka daɗe ba mu yi ba. Amma sai bayan isha muka shiga Kaduna, Hajiya ta kira har ta gaji. Washegari na ji tana gaya wa 'yarta wai ni ce nake ja masa yawo, shi kuwa yana zaune ko uffan bai ce ba. Yanzu da ya ce "sa mayafinki mu fita" sai gabana ya faɗi. In bi shi ne, ko in ƙi?

Maman biyu, Kubwa

'Yata, ki bi shi. Wasiƙun da ke zuwa mini daga Abuja, akasarinsu kukan matan da mazajensu ke fita tun asuba don tsere wa cunkoson Nyanya ko na Kubwa ne, su dawo bayan isha a gajiye, ranar Asabar kuma su kwanta kamar an yi musu duka. Ke naki bayan shekara tara har yanzu yana marmarin nuna miki wurin da ba ki taɓa gani ba. Wannan ba hali ne da za ki kashe ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha suna cikin tafiya, ta tsere masa; bayan shekaru da ta yi jiki suka sake, shi ya tsere mata. Wasa tsakanin miji da mata a kan hanya yana da asali.

Abin da ya ɓata miki rai daban ne, kuma kina da gaskiya. Shi ya karya kan mota, ke aka ɗora wa laifi, ya yi shiru. Nan ne gyaran yake. Kada ki je ki wanke kanki a gaban Hajiya, domin duk abin da surukuwa ta faɗa a irin wannan wuri, kare kai za a kira shi. Ki sami maigidan shi kaɗai, bayan ya ci ya ƙoshi, ki fara da gaya masa yadda kika ji daɗin Gurara. Sannan ki ce, "Abban yara, maganar Hajiya ta tsaya mini a rai. Ina so ka gaya mata da bakinka cewa kai ka ratse da mu." Uwa tana yafe wa ɗanta kafin ya rufe baki. Ke kuwa in aka bar zancen haka, zai bi ki har ranar auren 'yarki.

Sai maganar dare, wadda ba ni da sassauci a kanta. Hanyar Abuja zuwa Kaduna ta yi shekaru tana fama da masu garkuwa da mutane, har jirgin ƙasa bai tsira ba a ranar 28 ga Maris, 2022. Hajiya da ke ta kira, ba abincin da ya huce ne ya dame ta ba. Tsoro ne ya cika ta, ta rasa inda za ta sauke sai a kanki. Ku yi yarjejeniya tun a gida: duk inda za a ratse, a ratse, amma magariba ta same ku a masauki. Da ya juya sitiyari, ki ɗauki waya ki sanar da wanda ke jiran ku da wadda ke riƙe da yara inda kuka nufa. Ranar da za a je gaida iyaye kuma, a miƙe. In kin san ba zai iya ba, ki lallaɓa shi ku sayi tikitin jirgi, ku hau a tashar Kubwa ku sauka a Rigasa. Jirgi dai ba ya ratsewa don an hango kifi a gefen titi.

Kun kuma yi sa'a da rani kuka je Gurara. Da damina ruwan yana zubowa da ƙarfin da ba a wasa da shi, duwatsun suna santsi. A lokacin, kallo daga nesa ya ishe ku.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi so ki gwada: me ya sa kullum shi ne mai cewa a tashi? Wata Asabar ki riga shi. Ki ce ya tayar da mota, ke za ki nuna hanya. Daga Kubwa zuwa Ushafa ba nisa, ƙauyen masu ginin tukwane da Bill Clinton ya ziyarta a shekarar 2000, ga madatsar ruwa ta Usuma kusa, wadda birnin ke sha daga gare ta. Ku tambayi halin da yankin Bwari ke ciki kafin ku fita, ku tafi da hantsi, ku dawo kafin la'asar. Ki sayo tukunya, ki zaro naira ashirin ki nuna masa Ladi Kwali tana gina irinta a bayan takardar. Mutumin da ya ɗanɗana zama a kujerar wanda bai san inda za a kai shi ba, gobe zai tambaye ki kafin ya karya kwana.

Gwaggo, ni kuma matata ce mai son mu riƙa fita ba shiri, ni kuwa da kuɗin fetur ɗin nan albashina ba ya kai wa ƙarshen wata. Kunyar gaya mata nake ji.

Magidanci, Lugbe

Ɗana, kunyar nan ita za ta sa ta zaci ba ka son fita da ita ne. Ka zaunar da ita ka faɗa mata nawa ke saura bayan haya, kuɗin makaranta da cefane, ku ware ɗan abin fita ku ba ta ta riƙe. Ba sai an bar gari ba. Ta dafa dambu a gida, ku shimfiɗa tabarma a Millennium Park da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disambar 2003, ko ku zaga bakin tafkin Jabi da yamma, ku biya Area 1 ku sayi kilishin da aljihu zai iya. In ba da motarku za ku fita ba, ku hau ta haya a tasha, kada ku tsayar da ta gefen titi saboda 'yan wan-cans, masu fashi da motar haya.

Gwaggonku