Me ya sa ba a yin maganin narkar da gudan jini da yis?

Tambaya: Malam, na ji ana amfani da yis, irin na kwaɓa burodi, wajen samar da insulin. To me ya hana a yi maganin nan mai narkar da gudan jini da shi, ko ya yi araha? Daga wata ɗalibar harhaɗa magunguna a Zariya.

Amsa: Malama, abin da kika ji gaskiya ne. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak da yis yake yin insulin, haka ma da yis ake yin rigakafin ciwon hanta nau'in B tun 1986. Shi kuwa maganin da kike nufi, tPA, furotin ne da jikin ɗan Adam ke yi da kansa a bangon jijiyoyin jini. Aikinsa shi ne ya tayar da wani furotin mai suna plasminogen ya koma plasmin, shi kuma ya tsittsinka zaren da ya ɗaure gudan jinin. Sai dai abin da jiki ke yi ɗan kaɗan ne, ba ya isa idan babbar jijiya ta toshe.

Désiré Collen na jami'ar Leuven a Beljiyam ne ya fara tace shi daga ƙwayoyin wata sankarar fata. Daga nan masanan kamfanin Genentech na Amurka suka ciro ƙwayar gadonsa, suka wallafa aikin a 1983. A 1987 aka amince da maganin, mai suna alteplase, don masu bugun zuciya, a 1996 kuma don shanyewar ɓarin jiki.

Tun farko an gwada yis, an gwada bakteriyar E. coli, duk kuwa sun iya jera amino asid 527 da ke cikin tPA. Inda gizo ke saƙar shi ne naɗin. Furotin kamar rawani yake: yadin ɗaya ne, amma in ba a iya naɗi ba, ƙyalle ne kawai a ka. Shi tPA yana da ƙulli 17 na farar wuta, kowanne da mazauninsa, sannan ga sarƙoƙin sukari maƙale a wasu wurare. Bakteriya ba ta saka sukarin ko kaɗan, kuma sai ta dunƙule furotin ɗin ya zama curi a cikinta, sai an narkar an sake naɗewa da wahala. Yis kuwa zaƙewa yake yi. Yakan lafta sukarin da ake kira manos fiye da kima, hanta kuma da ta ga irin wannan sai ta kwashe shi daga jini da wuri, ga tsoron kada garkuwar jiki ta ɗauke shi baƙo. Abin da yake fitarwa ma bai taka kara ya karya ba.

Shi ya sa aka koma ga ƙwayoyin da aka samo daga wani ɗan ɓera na ƙasar Sin, waɗanda ake kira CHO. Naɗinsu ya yi kusa da na mutum, amma rainonsu akwai tsada da jinkiri, ga saurin lalacewa. A nan tsadar maganin ta samo asali, ko da yake, a ganina, haƙƙin mallaka ma ya taka rawarsa.

Masana ba su haƙura ba, sai suka rage wa furotin ɗin tsawo. Reteplase, wanda ya fito a 1996, amino asid 355 gare shi, babu sukari, kuma a E. coli ake yin sa. Yis ma ya samu rabonsa: da nau'in Pichia pastoris aka yi ocriplasmin, guntun plasmin da aka amince da shi a 2012, amma aikin ido yake yi.

Tunda asibiti za ki dosa wata rana, ki riƙe wannan. Ba a yi wa mai shanyewar ɓarin jiki wannan allura sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar toshewa ce, domin idan jijiya ce ta fashe, allurar ƙara zubar jinin za ta yi. Kuma a bisa ƙa'ida cikin awa 4 da rabi ake yin ta. Duk wanda kika ga bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki, a garzaya da shi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.