Yadda Doki Ke Gadon Launinsa, da Dalilin da Ya Sa Kili Ke Sauya Kama

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Salla ya san darajar kili, watau farin doki. Amma masu kiwon dawaki sun daɗe da lura da cewa da wuya ƙwarai goɗiya ta haifi farin dukushi. Yawancin fararen dawakin da muke gani baƙaƙe ko jajaye aka haife su, daga baya suka yi fari a hankali. An shirya wannan darasi domin a bayyana wa jama'a dalilin haka, da kuma abin da ya wajaba mai irin wannan doki ya kula da shi.

Yadda Ake Gadon Launi

Jikin doki, kamar na ɗan Adam, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin kowace akwai wasu zarurruka guda 64, waɗanda masana ke kira kuromosom. Dukushi yakan sami 32 daga ubansa, 32 daga uwarsa. A jikin zarurrukan nan ne ƙwayoyin gado suke jere biyu-biyu, ɗaya ta uba ɗaya ta uwa.

Rini iri biyu kaɗai jikin doki ke yi, baƙi da ja, kuma ƙwayoyin gado biyu ne ke kasafta su. Ta farko ita ke ba da damar baƙi ya fito a gashi. Idan dukushi ya gaji hanin baƙi daga uwa da uba duka, to, jan doki zai zama. Ta biyu kuwa ita ke nuna inda baƙin zai zauna. In ya game jiki duka, an sami akawal. In ya tsaya a geza da wutsiya da ƙafafu, sauran jiki ja, an sami bikili. Ja yakan ɓuya a ƙarƙashin baƙi, saboda haka bikili biyu suna iya haifar jan dukushi, ba tare da wani doki dabam ya hau goɗiyar ba.

Asalin Kili

Farin kili furfura ce da ke zuwa da wuri, ta rufe launin da aka haifi doki da shi. A shekarar 2008 masana na Jami'ar Uppsala a ƙasar Suwidin, a ƙarƙashin Farfesa Leif Andersson, suka gano tushenta. Sun tarar wani ɗan yanki a zare na 25 ya maimaita kansa. Wannan maimaici ke sa ƙwayoyin da ke yin rini su yi ta yaɗuwa fiye da ƙima, har waɗanda ke gindin gashi su ƙare tun doki yana da ƙuruciya. Duk gashin da ya tsiro bayan haka fari ne.

Ƙwayar furfura tana rinjayar kowane launi, ko da daga gefe ɗaya aka gaje ta. Don haka ba a samun kili sai uwarsa ko ubansa yana da ita. Wanda ya gaje ta daga gefe ɗaya, kimanin rabin 'ya'yansa za su yi fari. Wanda ya gaje ta daga gefe biyu, dukan 'ya'yansa za su yi, kuma shi kansa yakan fi saurin yin farin.

Matakan Sauyawa

Alamar farko takan bayyana a kewayen idanu da baki tun dukushi yana ɗan watanni. Daga nan farin gashi ya gauraya da baƙi, jiki ya koma ruwan toka mai duhu. Da yawansu sukan bi ta matakin hurde, lokacin da dabbare-dabbare ke fitowa a kafaɗa da cinya. Galibi a shekara 6 zuwa 8 fari ya gama game jiki, ko da yake wasu sukan jinkirta. Dawakin Lipizzaner na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, waɗanda suka shahara da fari, da duhu ake haifar su. Ashe ke nan hurden bana shi ne kilin 'yan shekaru masu zuwa.

Fatar kili dai ba ta sauyawa. In an buɗa gashinsa za a ga fatar baƙa ce, idanunsa ma masu duhu ne. Dokin da aka haifa fari fat kuwa fatarsa jaja-jaja ce, kuma gadonsa dabam ne.

Cutar da Ke Biyo Bayan Farin

Ƙwayoyin rinin da suka ƙare a gashi ba su ƙare a fata ba. Can sukan taru su zama baƙin ƙari mai tauri. Bincike ya nuna cewa kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na irin waɗannan dawaki da suka wuce shekara 15 suna da shi. Ya fi fitowa a ƙarƙashin wutsiya, da gefen dubura, da wajen mazakuta, da leɓɓa, da gindin kunne. Sau da yawa yakan yi shekaru bai dami doki ba, amma wani yakan girma har ya hana kashi fita, wani kuma ya bazu cikin jiki ya zama ajalin dabbar.

Abin da Ya Kamata Mai Doki Ya Yi

1. Kada a ƙiyasta shekarun doki da farin gashinsa. A duba haƙora, domin wani ɗan shekara 5 ya fi ɗan shekara 10 fari.

2. Wajen ciniki, ko rubuta shaidar doki saboda ɓata ko sata, kada a dogara ga launi kaɗai. A rubuta tabo da lamba da wuraren da gashi ya murɗe, domin su ba su sauyawa.

3. Mai neman kili daga goɗiyarsa ya tabbata ita ko dokin da zai hau ta yana da furfurar.

4. A riƙa ɗaga wutsiyar kili ana dubawa lokacin wanka, tun bai tsufa ba.

5. In an ga ƙari, kada a tsaga shi ko a yi masa lalas a gida. A kai doki asibitin dabbobi mafi kusa, domin cire shi ya fi sauƙi tun yana ƙarami.

Lalle ne duk wanda ya karanta wannan takarda ya bayyana wa masu kula da barga abin da ke cikinta, domin su ne ke tare da doki safe da yamma, su ne kuma za su fara ganin alama.