Abin da ke Sace Yuriya a Gona, da Dalilin da Muke Ƙera Kwafinsa a Ɗakin Gwaji

Buhun yuriya da manomi ya watsa a saman ƙasa ba duka ne ke shiga jikin masara ba. Wani kaso yakan tashi sama ya bi iska cikin 'yan kwanaki, kuma idan ana zafi, ƙasa da ɗan laima, ruwa bai sauko ba, asarar kan kai kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin takin, har ma ta wuce. Manomi ya ga shuka ba ta yi baƙi ba, sai ya ce taki jabu aka sayar masa. Wani lokaci gaskiyarsa ce. Sau da yawa kuwa takin lafiyarsa lau, ɓarawon yana cikin ƙasar gonar.

Sunansa yuriyes. Sinadari ne irin wanda ake kira inzayim, wato furotin da halittu ke yi don hanzarta wani aiki a jikinsu. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa suna fitar da shi, yana kuma cikin ragowar kara da ganye. Aikinsa guda ne: ya farfasa yuriya ya mai da shi amoniya da iskar kabon. Zarnin da ke tashi a makewayi ko a turken dabbobi, aikinsa ne a kan fitsari. Ni sana'ata haɗa sinadaran ƙarfe, kuma abin da na fi daɗewa a kansa shi ne ƙoƙarin ƙera ƙaramin sinadari da zai kwaikwayi wannan inzayim.

Yuriya abu ne mai taurin kai. A ruwa tsantsa mai zafin maki 38, sai ya yi kusan shekara uku da rabi kafin rabinsa ya lalace. Yuriyes kuwa yana ninka saurin wannan aiki kimanin sau tiriliyan ɗari. James Sumner na Jami'ar Cornell a Amurka ne ya fara tace shi daga wani irin wake a 1926, aikin da ya kawo masa kyautar Nobel a 1946. Sai a 1975 Burt Zerner da abokan aikinsa a Ostireliya suka gano akwai ƙarfen nikel a cikinsa. A 1995 aka ga siffarsa ƙuru-ƙuru: ƙwayoyin zarra biyu na nikel zaune kusa da juna, da wata gada da ta haɗa su.

Nan ne hikimar take. Nikel ɗaya ya cafke yuriya ta wajen oksijin, ɗayan ya riƙe shi ta wajen naitirojin, sai wani ɓarin ruwa da ke tsakaninsu ya kai sara, kamar dai mutum biyu sun danne sa, na uku ya sa wuƙa. Wannan shi ne bayanin da masana da dama suka fi karkata gare shi tun bayan aikin Stefano Ciurli da abokansa na Italiya a 1999.

Abin da muke yi a ɗakin gwaji shi ne mu gina wani ƙaramin sinadari mai hannaye da yawa, wanda zai riƙe nikel biyu a tazara irin ta cikin inzayim. Mukan dafa, mu tace, mu ajiye ruwan kore a kwalba mu jira ya fitar da ƙanƙara mai sheƙi da za a haska a na'ura don a ga inda kowace ƙwayar zarra ta zauna. Sannan mu ba shi yuriya mu auna amoniyar da ta fito. Aiki ne mai cin rai, kuma sakamakonsa na koya wa mutum girman halittar Allah. Kama yuriya ba wuya, sinadaranmu suna kama shi. Farfasa shi ne jidali. A shekarar 2000 Amy Barrios da Stephen Lippard na MIT sun ƙera sinadari mai nikel biyu da ya rusa yuriya, amma sai da aka ɗumama shi, kuma ta wata hanya ya bi: ya fara fizge amoniya ya bar wani sinadari da ake kira sayanet. Har yau babu kwafin da ya kama ƙafar na asali a sauri, domin shi na asalin yana da wani murfi na furotin da ke rufe yuriya a ciki, ya daidaita masa zama kafin sara.

To me ya sa muke ci gaba? Domin wanda ya san yadda abu ke aiki shi ne ya san inda zai toshe shi. A 1995 rukunin Vincent Pecoraro a Jami'ar Michigan sun nuna a jikin irin wannan kwafi yadda sinadarin haidroksamet ke shiga tsakanin nikel biyun ya hana su aiki, daga baya aka ga irin wannan zama a inzayim na gaske. Wani ɗan gidan wannan sinadari magani ne da likitoci ke bayarwa ga masu tsakuwar mafitsara da ƙwayoyin cuta masu yuriyes ke haddasawa. Ƙwayar cutar da ke jawo yawancin gyambon ciki ma, Helikobakta, da yuriyes take kare kanta daga tsamin ciki. A gona kuma akwai NBPT, wanda ake shafa wa yuriya ya daƙile inzayim ɗin na mako guda zuwa biyu, taki ya samu ya nutse.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Najeriya na yin yuriya mai yawan gaske, ga masana'antar Dangote a Lekki da aka buɗe a 2022 mai ƙarfin tan miliyan uku a shekara, ga Indorama a Eleme, amma ilimin yadda za a hana shi tashi bai kai ga mai fartanya ba. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ne, kuma kuɗinsa ba wasa ba.

'Yan uwa manoma, kafin takin da aka shafa wa magani ya wadatu a kasuwanninmu, ga abin da ke hannunku. Kada ku watsa yuriya a fili ku tafi. Ku tona rami mai zurfin ɗan yatsa, ɗan nesa da gindin shuka don kada ya ƙona ta, ku zuba, ku rufe, ko ku sa shi daidai lokacin huɗa ƙasa ta binne shi. Amoniyar da ta fito a ƙarƙashin ƙasa, ƙasar ce ke riƙe ta har saiwa ta sha. Masu noman rani su zuba taki sannan su saki ruwa, ba su fara ba da ruwa sannan su watsa a kan danshi rana ta buga ba. Kada a gauraya shi da toka, domin toka na ƙara ingiza amoniya sama. A raba shi kashi biyu maimakon a juye gaba ɗaya. Buhun da aka buɗe kuma a ɗaure bakinsa a ɗora kan katako, don yuriya na zuƙar laima ya dunƙule.