Darasi: Kula da sanyin gida da ɗuminsa

1. Mu lura

A ƙasarmu Nijar, shekara tana zuwa da zafi mai tsanani, tana kuma zuwa da ɗari. A watannin Afirilu da Mayu, zafin rana yana wuce digiri 40 a Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram. A watannin Disamba da Janairu kuwa, da asuba sanyi yakan sauko ƙasa da digiri 15, ga iskar hunturu ɗauke da ƙura. Gida shi ne garkuwarmu a lokutan nan biyu. Amma gida ma yana son a kula da shi. In aka bar shi, jariri da tsoho su ne farkon masu wahala.

2. Ɗakin ƙasa

Ku shiga soron ƙasa da azahar, sannan ku shiga ɗaki mai rufin kwano. Wane ya fi sanyi? Soron ƙasa. Dalili shi ne bangonsa yana da kauri. Zafin rana yana ɗaukar awoyi da yawa kafin ya ratsa shi. Da dare bangon yana sakin zafin da ya sha, sannu sannu. Don haka ɗakin ƙasa yana da sanyi da rana, yana da ɗumi a daren ɗari. Kwano kuwa siriri ne, nan da nan yake zafi, nan da nan yake sanyi.

Babban abokin gaban ɗakin ƙasa shi ne ruwa. Kowace shekara, kafin damina ta faɗi, maigida yana hawa soro. Yana share rufi, yana toshe tsaga, yana fid da shara daga indararo. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa rufi, ya jiƙa azara, wata rana rufin ya rufta. Yana duban azara ko gara ta shige ta. Bayan haka a sake yaɓe. Magina suna cuɗa ƙasa da ciyawa, wasu suna ƙara makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don kada ruwa ya wanke yaɓen.

Ku dubi hasumiyar masallacin Agadas. Da ƙasa aka gina ta, tsawonta mita 27. An sake gina ta a 1844, har yau tana tsaye. Itatuwan da suka fito a jikinta, su ne magina ke takawa in za su sabunta yaɓe. Gyara a kai a kai ne ya tsai da ita.

Mai ɗakin kwano shi ma yana da dabara. Ya sa silin ko zana a ƙarƙashin kwanon, ya shafa farin fenti a bisansa, ya shuka itace wajen yamma da ɗakin don inuwa. Taga biyu masu duban juna suna barin iska ta ratsa.

3. Na'urorin sanyi

Fanka. Fanka ba ta rage zafin iskar ɗaki. Tana kaɗa iska, gumin jikinmu ya bushe, mu ji sanyi. Saboda haka in ba kowa a ɗaki, a kashe ta. Ƙura tana taruwa bisa fukafukanta, ta rage mata ƙarfi. A kashe ta, a cire waya daga bango, a goge da tsumma. Fankar sama in ta soma rawa ko ƙara, a kira mai gyara ya ɗaure ta.

Fanka mai ruwa, wadda ake ce ma imidifikater. Aikinta irin na randa ne. Ruwan da ke tsattsafowa a jikin randa yana bushewa, ya tafi da zafi, ruwan ciki ya yi sanyi. Haka na'urar nan take jawo iska ta cikin jiƙaƙƙen soso. Tana aiki sosai da bazara, sa'ad da iska take a bushe. Da damina iska ta riga ta cika da laima, amfaninta kaɗan ne. Tana son a bar taga a buɗe kaɗan. A wanke mazubin ruwanta kowane mako, kada ya zama gidan sauro. In soso ya yi fari da gishirin ruwa, ya taurare, a sake sabo.

Na'urar sanyaya ɗaki, wadda ake ce ma kilim. Ita tana kwashe zafin ɗaki ta fitar da shi waje, don haka tana son ƙofa da taga a rufe. Tana shan kuran sosai: guda ɗaya tana cin abin da fanka fiye da 10 za su ci. A cikinta akwai raga mai tace ƙura. Lokacin hunturu a cire ragar kowane mako biyu, a wanke da ruwa, a shanya a inuwa, sai ta bushe a mayar. In raga ta toshe, sanyi ya ragu, kuɗin wuta ya ƙaru. Ɓangaren da ke waje yana son inuwa da fili, kada a jingina masa kaya. A aje ta a digiri 25 ko 26, ya isa. In wuta ta ɗauke ta dawo, a jira minti 3 kafin a kunna. Buɗe inji da ƙara gas aikin mai gyara ne. Yaro ba ya taɓa waya, musamman da jiƙaƙƙen hannu.

4. Ɗumama ɗaki da ɗari

Da ɗari mutane da yawa suna shiga da kaskon garwashi cikin ɗaki, su rufe ƙofa da taga, su kwanta. Wannan hatsari ne babba. Gawayi in yana ci inda iska ba ta isa, yana fid da wata iska mai guba da ake kira monoksid na karbon. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijen ke kama shi, har sau 200 da wani abu. Mutum yana fara jin ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin kome, yana iya mutuwa cikin barcinsa.

Ga abin da ya kamata. A hura wuta a tsakar gida. In an shigo da kasko, a bar taga a buɗe, a aje shi nesa da tabarma, gidan sauro da ƙananan yara. Kafin a kwanta, a fitar da shi waje, a rufa da bargo. Injin janareto ma haka: a waje yake aiki, nesa da taga. In kuka iske mutum ya galabaita a ɗaki mai garwashi, ku buɗe ƙofa, ku kira manya su fito da shi ya sha iska, a kai shi gidan likita nan da nan. Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.

5. Mu riƙe

Yaɓe da indararo, kafin damina. Wanke raga da goge fanka, lokacin ƙura. Garwashi ba ya kwana a ɗaki.

6. Tambayoyi

a) Don me ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano sanyi da rana?
b) Me ke faruwa in indararo ya toshe?
c) Don me fanka mai ruwa ba ta da amfani sosai da damina?
d) Ku faɗi alamomi 3 na shaƙar gubar gawayi.

7. Aikin yi

Ku cika tulu da ruwa, ku cika bokitin roba, ku aje su a inuwa ɗaya. Bayan awa 3 ku auna su da ma'aunin zafi, ku rubuta abin da kuka samu. A gida, ku zagaya tare da babanku ko yayanku, ku rubuta wuraren da ke son gyara kafin damina.