Yadda Ake Zaɓen Gidan Renon Yara Mai Lasisi a Birnin Kano

Mako 12 dokar ƙwadago ta Najeriya ta yanka wa mace na hutun haihuwa. Da ya ƙare, malamar makaranta da ma'aikaciyar asibiti da ta banki duk za su koma bakin aiki da jaririn da bai fara zama ba. Da can akwai kaka a cikin gida, ko ƙanwa, ko faccala, sai a miƙa musu goyo a fita hankali kwance. Yanzu ma'aurata da yawa suna haya a Hotoro ko Naibawa ko Rijiyar Zaki, kaka kuma tana cikin gari ko ma a wata jihar. Shi ya sa gidajen renon yara suka yawaita, wasu a jikin makarantu, wasu a falon gidan wani. Uwargida, ga yadda za ki tace su.

Ki fara nema tun da sauran wata guda a hutunki, don gaggawa ce take sa a ajiye yaro a inda aka fara tararwa. Abin da za ku fara yankewa ke da maigida shi ne: kusa da gida ko kusa da wurin aiki? In jaririn bai cika wata 6 ba, wato yana kan nono zalla, ni dai ina ganin kusa da wurin aiki ya fi. Dokar ƙwadagon nan ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, amma ba abin da zai amfane ki in cunkoson titin Zariya yana tsakaninki da ɗanki. Wanda ya fara tafiya kuwa gara kusa da gida, a rage masa yawo a Adaidaita Sahu cikin rana da ƙura. Ki tambayi abokan aikinki da matan da kuke haɗuwa ranar rigakafi, ki tara sunaye uku ko huɗu. Wadda ta cire ɗanta daga wani gida, ita ce za ki fi kasa wa kunne.

Daga nan sai takarda, kuma a nan ake yaudarar iyaye da yawa. Za ki shiga ofis ki ga takarda a cikin gilashi a bango, mai hatimi da tambarin gwamnati. Ki matsa kusa ki karanta. In ta hukumar rajistar kamfanoni ce, wato CAC, to sunan kasuwanci kawai aka yi wa rajista. Ba wanda ya zo daga can ya duba bayan gida ko ya ƙirga masu reno. Abin da kike nema shi ne shaidar izinin buɗewa daga gwamnatin jiha. A Kano, makarantun kuɗi suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Makarantu Masu Zaman Kansu da na Sa-kai, don haka in gidan renon a jikin makaranta yake, takardar wannan hukuma za ki ce a nuna miki. In kuwa shi kaɗai yake, ki tambayi mai shi kai tsaye: “Hajiya, wace hukuma ce ta ba ku izini, yaushe kuma suka zo duba ku na ƙarshe?”

Abu uku za ki duba a jikin takardar: sunan da ke ciki ya yi daidai da na allon ƙofa, adireshin na wannan ginin ne ba na wani reshe ba, sannan kwanan wata. Kwanan watan yana da muhimmanci ƙwarai a Kano. A Janairun 2022, bayan an gano cewa wani mai makaranta ya sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar ya kashe ta, gwamnatin jiha ta soke takardun dukkan makarantun kuɗi domin a sake tantance su. Saboda haka takardar da ta girmi wannan lokacin ba ta wadatar ita kaɗai. Ki ɗauki hotonta da waya, ke ko maigida wani ya je ofishin hukumar ya tabbatar. In aka ce miki “ana kan yi,” ki nemi rasitin da ke nuna an shigar da buƙatar. Wanda ya ɓata rai don kin tambaya, ki yi masa sallama. Amfanin lasisi shi ne gwamnati ta san mai wurin da inda yake, kina kuma da inda za ki kai ƙara.

Amma takarda ba ta goya yaro, gani kuma ya kori ji. Ki je sau biyu. Na farko da alƙawari, na biyu ba sanarwa, tsakanin ƙarfe sha ɗaya da azahar, lokacin da yunwa da barci da kuka suke haɗuwa. Tun daga ƙofa jarrabawa ta fara: in kin tura kin shige har ɗakin yara ba wanda ya ce miki “wa kike nema?”, to kowa ma haka zai shiga.

A cikin ɗakin ki durƙusa, ki kalli wurin daga tsayin mai rarrafe. Daga nan ne za ki hango soket a buɗe, da wayar fanka tana reto, da murfin kwalba a ƙarƙashin kujera, da bokitin ruwa a bayan ƙofa. Ruwan da bai kai rabin bokiti ba yana iya halaka yaron da ya faɗa da ka. Ki leƙa tsakar gida ki ga rijiya da sokawe ko a rufe suke ruf. Ki tambayi inda ake ajiye janareta. In yana jikin tagar ɗakin barci, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ankara ba. Ki tuna da zafin Afrilu, lokacin da Kano take haura digiri 40: in an ɗauke wuta, akwai tagogin da iska za ta ratsa? Jarirai a rigingine ya kamata a kwantar da su, kowa da shimfiɗarsa da gidan sauro, ba filo, ba tarin zannuwa. Ki tsaya har a canza wa wani famfas, ki ga ko mai renon za ta wanke hannu da sabulu kafin ta ɗauki bulumbotin wani. In kina tatsar nono ki bari, ki buɗe firjin da kanki ki ji ko da sanyi, domin nonon da aka tatsa bai kamata ya wuce awa 4 a waje ba.

Ki ƙirga kawuna. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce mai reno ɗaya ga yara 10 a ɗakin reno, malami ɗaya ga 25 a ajin nazare. Wannan iyaka ce ta ƙarshe. Duk wadda ta taɓa renon tagwaye ta san mace ɗaya ba za ta iya da jarirai goma ba, don haka ga 'yan ƙasa da shekara ɗaya ki nemi inda ba su wuce uku ko huɗu a hannun mutum ɗaya ba. Ki tambayi masu renon da kansu tun yaushe suke aiki a nan. Inda ake canza su duk wata, yawanci albashi ne ba ya fita, kuma yaro ba ya samun wadda zai saba da ita. Sannan ki lura da shirun da ya yi yawa. In kin tarar da yara duka suna sharar barci a lokaci ɗaya da hantsi, ki tambaya ƙarara ko ana ba su wani magani, ki kuma faɗa musu ba ki yarda a ba ɗanki ko da na mura ba sai da izininki.

Sauran tambayoyin gajeru ne. Suna karɓar katin rigakafi kafin su ɗauki yaro? Me suke yi da mai gudawa ko ƙyanda, ana mayar da shi gida ko ana barinsa cikin yara? Wane asibiti suke kaiwa in abu ya taso, da wace mota? Wa ke da ikon ɗaukar yaro? Ki ba da sunaye da hotunan mutum biyu ko uku a rubuce, da sharaɗin cewa ko wani ya zo ya ce shi kawun yaron ne, sai an kira ki.

Maganar kuɗi a yi ta a rubuce, har da na abinci da tarar makara wajen ɗauka. Kada ki biya zango guda tun farko. Wata ɗaya ya isa gwaji. Kwanakin farko ki bar shi awa biyu ko uku, ki riƙa ƙarawa. Kukan rabuwa da safe ba abin damuwa ba ne, yana wucewa cikin mako ɗaya ko biyu. Abin da za ki sa wa ido shi ne ƙurajen famfas da ba sa warkewa, abincin da ke dawowa ba a taɓa ba, tabon da aka kasa yi miki bayaninsa, ko yaron da ke firgita in ya ga wata mai reno takamaimai. Kowace yamma ki tuɓe shi ki duba jikinsa kafin wanka. In kin ga abin da ya tayar miki da hankali, ki ɗauki hoto, ki kai shi asibiti a rubuta, ki cire shi daga gidan a ranar, sannan ki kai ƙorafinki a rubuce ga hukumar da ta ba su izini, ki riƙe kwafi ɗaya a hannunki.